Mai Son Zama Shi Kaɗai: Girman Kai Ne Ko Halitta?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman a yau zai duba mutumin da aka fi yi wa gurguwar fahimta a cikin dangi, wato mai son zama shi kaɗai.

Da wuya a rasa irinsa a gida. Ana tsaka da hidimar biki, tsakar gida ta cika maƙil, sai a neme shi a rasa. Can a tarar da shi a ƙuryar ɗaki kan tabarma, shayinsa na gefe, hankalinsa kwance. Nan take a yanke masa hukunci: miskili ne, ba ya son mutane.

Masana halayyar ɗan Adam ba haka suke gani ba. Tun a 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya bayyana cewa wasu hankalinsu ya fi karkata ga abin da ke gudana a waje, wasu kuma ga abin da ke cikin ransu. Daga baya Hans Eysenck ya ce ƙwaƙwalwar rukuni na biyu ta fi saurin motsuwa, shi ya sa hayaniyar da ke wartsakar da wani, su gajiya take tara musu.

A 1958 Donald Winnicott, likitan yara a Ingila, ya ce iya zama kai kaɗai alama ce ta girman hankali, kuma tun a gaban uwa ake koyonsa. Yaro na wasa da gwangwaninsa, uwa na gefe tana tsintar shinkafa, ba wanda ke magana, amma ya san tana nan. Wannan natsuwar yake girma da ita.

Ba kowa ya samu wannan baiwa ba. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya zaunar da mutane su kaɗai na minti 6 zuwa 15, babu waya, babu littafi. A wani gwajin, maza 12 cikin 18 sun gwammace su danna maɓallin da zai ja su da lantarki da su zauna da tunaninsu kawai.

(GAJEREN KIƊA)

Mu kuwa keɓewa ba baƙuwarmu ba ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana keɓe a kogon Hira wahayi ya fara sauka, kuma duk goman ƙarshe na azumi masallatai kan cika da masu i'itikafi.

Sai dai a lura. Wanda ya keɓe don ra'ayinsa yakan fito da fara'a, ya gaisa da jama'a, ya kama aikinsa. Wanda kuma ya janye, ya rage cin abinci, barci ya gagare shi, abin da yake so a da ya fita daga ransa, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma likita yake buƙata.

Don haka iyaye da 'yan'uwa, idan kuna da irinsa a gida, ku daina goranta masa. Ku bar shi ya huta, ku riƙa leƙawa kuna tambayar lafiyarsa. Kai kuma mai son keɓewa, ka tuna zumunci a ƙafa yake: huta, sannan ka fito ka sada shi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)