Dangantakar Bahaushe da Halittun Muhallinsa da Tasirinta ga Kwanciyar Hankali

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, kuma lafiyar da suke nufi ba ta tsaya ga rashin ciwo kawai ba. Ta haɗa da natsuwar zuciya da kwanciyar hankali, shi ya sa idan an gaida mutum akan tambaye shi gajiya da iyali da ruwa ko sanyi, gwargwadon lokacin da ake ciki. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda shaƙuwar mutum da itatuwa da tsuntsaye da ruwa da gona take taimaka wa hankalinsa. Za a duba matsayin wannan shaƙuwa a al'adar Bahaushe, da abin da binciken masana ya gano, sannan a kawo shawarwari ga malaman makaranta da iyayen ƙasa.

2.0 Ma'anar Shaƙuwa da Muhalli

Abin da ake nufi da muhalli a nan shi ne halittun Allah da suke kewaye da mutum waɗanda ba hannunsa ne ya ƙera su ba, kamar daji da dutse da kogi da dabbobi da taurari. Shaƙuwa da su kuwa ita ce mutum ya riƙa jin cewa shi ma ɗaya ne daga cikin wannan halitta, ya san sunayensu, ya lura da sauyawarsu, kuma ya damu idan an ɓata su. Zama kusa da itatuwa daban, shaƙuwa da su daban. Mutum na iya shekara goma yana wucewa ta gindin tsamiya bai taɓa lura da lokacin da take fure ba, wani kuwa yana tsakiyar birni amma ya san ranar da shamuwa ta iso unguwarsu.

3.0 Muhalli a Rayuwar Bahaushe

Tarihin Kano ya nuna cewa mazauna farko sun kafu ne a gindin Dutsen Dala, inda Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura, kuma Kurmin Jakara wuri ne da suke girmamawa ƙwarai. Haka Kufena take ga Zazzagawa, rijiyar Kusugu kuma ga Daurawa. Bayan da Musulunci ya kafu, musamman daga zamanin Sarki Yaji (1349–1385) zuwa na Muhammadu Rumfa (1463–1499), an kawar da bautar itace da dutse. Amma addini bai raba Bahaushe da halitta ba, gyara masa mahanga ya yi. Alƙur'ani mai girma ya yi ta kira ga mutum da ya yi tunani a kan sama da ƙasa da ruwan sama da tsirrai, har akwai surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da tsawa. Hadisi ingantacce kuma ya nuna cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi.

Ana iya ganin zurfin wannan dangantaka a sunaye. Akwai garuruwa da unguwanni irin su Rimin Gado da Ɗorayi da Durumin Iya da Giginya, har ɗaya daga cikin sarakunan Kano na dauri sunansa Tsamiya. Yarinyar da aka haifa a tsakiyar damina akan kira ta Marka, yaron da aka haifa ana ruwa Anaruwa, wanda ya zo lokacin noma kuwa Nomau. Idan za a yabi babban mutum sai a kira shi gamji, kamar yadda aka yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Haka kuma manomi yana da kalandarsa a sararin sama da cikin daji. Zuwan shamuwa albishir ne na damina. Gawo yana zubar da ganyensa idan ruwa ya sauka, ya kuma yi sabon ganye da rani, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ga taki da yake bari a gindinsa. Bazara da damina da kaka da hunturu kowanne da aikinsa da abincinsa da wasanninsa. A tsarin sarauta ma akwai Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Sarkin Dawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

4.0 Abin da Binciken Masana Ya Gano

A 1984 wani masanin halittu ɗan Amurka, Edward Wilson, ya fito da ra'ayin cewa son abubuwa masu rai ɗabi'a ce da aka halicci ɗan Adam da ita. A wannan shekarar ce kuma Roger Ulrich ya buga sakamakon nazarin da ya yi a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa aikin cire maɗaciya. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma ba su buƙaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar sauran ba.

A 1989 Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan suka kawo bayanin dalili. A ganinsu, hankalin da mutum yake tattarawa da ƙarfi, kamar wajen lissafi ko tuƙi cikin cunkoso ko gyaran takardun jarrabawa, yana gajiya kamar yadda gaɓoɓi suke gajiya. Idan ya gaji sai mutum ya zama mai saurin fushi da mantuwa. Motsin ganye da gudun ruwa da kukan tsuntsaye kuwa suna jan hankali a hankali ba tare da tilas ba, ta haka sai wancan ɓangaren da ya gaji ya huta.

Daga baya masana suka juya ga auna shaƙuwar kanta. A 2004 Stephan Mayer da Cynthia Frantz suka tsara ma'auni mai jimloli 14 da ake ba mutum ya nuna gwargwadon yadda yake jin kansa a cikin halitta. A 2014 wasu masana a Kanada suka tattara sakamakon rukunin bincike 30 da ya shafi mutum fiye da 8,000. Sun gano cewa waɗanda suka fi shaƙuwa da halitta sun ɗan fi sauran farin ciki da kuzari da gamsuwa da rayuwa. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ya yi ta maimaita kansa. A 2019 wani binciken da ya shafi mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa waɗanda suke shafe aƙalla minti 120 a mako a wurare masu itatuwa ko ruwa sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ko sun yi sa'o'in biyu a zama ɗaya ko sun rarraba su.

Idan aka auna wannan da rayuwar Bahaushe ta gargajiya, za a ga cewa minti 120 ɗin da ake magana dattijon ƙauye yakan cika su kafin azahar ta rana guda. Inuwar durumi ko ceɗiya a ƙofar gida ita ce majalisa, nan ake sulhu, nan ake saƙar tabarma, nan yara suke karatun allo. Wato hutun hankali da motsa jiki da zumunci duk a wuri ɗaya ake samun su.

5.0 Iyakar Wannan Bayani

Wajibi ne a yi hattara da abubuwa uku. Na farko, yawancin binciken nan alaƙa suka nuna tsakanin abubuwa biyu, kuma mai lafiya da ma shi ya fi iya fita yawo. Na biyu, daji ba kullum yake da daɗi ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan ƙasa shi ya fi shiga ƙunci idan ƙasar ta ƙi. Haka nan matsalar 'yan bindiga ta raba manoma da yawa a Zamfara da Katsina da gonakinsu, kuma asarar ba ta hatsi kaɗai ba ce. Na uku, zama a inuwa ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daɗe cikin baƙin ciki, ko ya daina barci da cin abinci, ko yana maganar halaka kansa, a gaggauta kai shi asibiti, kamar na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna.

6.0 Halin da Ake Ciki

Bunƙasar birane ta cinye gonakin da suke kewaye da su. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, Jakara ta koma magudanar ƙazanta, kuma neman itacen girki da gawayi ya kassara dazuzzuka. Yaro na iya gama firamare bai iya bambance kanya da kaɗanya ba. Idan sunan itace ya ɓace daga bakin yara, karin magana da tatsuniyar da suka rataya a kansa ma sai su rasa ma'ana.

Duk da haka gyara mai yiwuwa ne. Tun daga wajen 1983 manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓuke shi. Dabarar ta bazu har zuwa Damagaram, kuma an ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

7.0 Shawarwari

Malaman makaranta su riƙa fitar da wasu darussa zuwa inuwar itace, su kuma sa kowane aji ya dasa itacen da zai kula da shi har ya gama makaranta. A fifita itatuwan gida irin su tsamiya da ɗorawa da kuka, ba darbejiya kaɗai ba. A sa ɗalibai su tattaro sunayen itatuwa da tsuntsaye da ciyayi daga bakin kakanninsu, su rubuta ranar ruwan farko da ranar isowar shamuwa kowace shekara. A kai su ziyara Dutsen Dala da gidan namun daji na Audu Bako da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Dattawa da masu unguwanni kuma su tsaya tsayin daka wajen kare tsofaffin itatuwan ƙofar gida da na masallaci da na maƙabarta daga masu sara.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa shaƙuwa da halitta tana cikin tushen al'adar Bahaushe, addini ya ƙarfafa ta, binciken zamani kuma ya nuna tana da rabo a cikin kwanciyar hankalin ɗan Adam. Dattawan da suka san sunan kowane itace da amfaninsa suna raguwa, kuma abin da ba a karɓa daga bakinsu ba zai tafi tare da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka aikin ya fi kyau a fara shi daga aji ɗaya na firamare.