Ɗan Akwatin Da Ke Tambayar Lokacin Ƙasarka

Duk wanda ya taɓa shirya taro ta intanet, ko ya nemi a ba shi ranar ganawa a wani shafi, ba mamaki ya ci karo da wani ɗan akwati wanda da an taɓa shi sai jerin sunayen birane ya sauko, a ce mutum ya zaɓi lokacin ƙasarsa. Galibin jama'a sukan wuce shi ba tare da sun duba ba, alhali kuwa kuskure a wannan wuri yana iya sa ɗalibi ya iske an gama jarrabawa, ko ɗan kasuwa ya iske abokan ciniki sun watse.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, a da kowane gari da rana yake daidaita agogonsa, har jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo suka nuna wahalar haka. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka hallara a birnin Washington na Amurka, suka amince a fara ƙirga layukan duniya daga Girinwich ta ƙasar Ingila. Da yake duniya tana juya digiri 360 cikin sa'o'i 24, kowane digiri 15 ya zama sa'a guda. Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suna gaban lokacin Girinwich da sa'a ɗaya, Gana tana daidai da shi, Makka kuma tana gabansa da sa'o'i 3.

Da a nan maganar ta tsaya, da layi 24 ya ishi wannan akwati. Amma gwamnatoci ne ke yanke lokaci, kowace da dalilinta. Indiya tana gaba da sa'o'i 5 da rabi, Nefal da sa'o'i 5 da minti 45, ƙasar Sin duk faɗinta lokaci guda take bi, Rasha kuwa tana da 11. Sudan ta mayar da agogonta baya da sa'a ɗaya a 2017, tsibiran Samowa kuma sun tsallake ranar 30 ga Disamba, 2011 ɗungurungum. Har ila yau, Ingila tana ƙara sa'a guda daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, watau a wannan tsakani agogon Landan da na Kano ɗaya ne, bayan nan kuwa Kano ke gaba.

Saboda haka ne masu gina shafuka suke dogara ga wani kundi da Arthur David Olson ya fara tattarawa a 1986, wanda Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, kuma ya koma hannun hukumar IANA a 2011. Kundin yana raba duniya zuwa yankunan da agogonsu ya yi daidai tun daga 1970, ya sa wa kowane yanki sunan nahiya da na birni, galibi wanda ya fi yawan jama'a. Shi ya sa mutumin Sakkwato ko Abuja ba zai ga garinsa ba, sai dai Africa/Lagos, watau Ikko.

Abin da ya faru a Lebanon a watan Maris na 2023 ya isa misali. Ana saura 'yan kwanaki a ƙara sa'a guda, gwamnatin Najib Mikati ta ɗage canjin zuwa ƙarshen azumi. Babban cocin ƙasar da wasu gidajen talabijin suka ƙi bi, wayoyi da yawa kuma suka canza da kansu bisa tsohuwar ƙa'ida. Ƙasa ɗaya ta kwana da lokaci biyu, har gwamnati ta janye shawararta.

Don haka akwati nagari yakan ajiye sunan yankin ne, domin tazarar sa'o'i tana canzawa amma sunan yana nan. Yakan fara nuna lokacin da na'urar mutum ke kai, ya ba shi damar rubuta sunan ƙasa maimakon bin layuka ɗaruruwa, ya kuma nuna ƙarfe nawa ne yanzu a wurin da aka zaɓa. Gajerun haruffa ba abin dogaro ba ne, gama IST kaɗai tana nufin lokacin Indiya, da na Isra'ila, da na Ailan.

Mai karatu da ke Nijeriya ya tabbata ya ga sunan Ikko kafin ya latsa amincewa, na Nijar Yamai, na Gana Akara. In kuwa da mutumin Turai ko Amurka aka yi alkawari, ya kamata a sake tambayar ƙarfe nawa ne a agogon kowa idan Maris ko Oktoba ko Nuwamba ya gitta tsakani, gama a waɗannan watanni ne suke taɓa agogonsu.