Mai Hoton Biki da Sabunta Basira: Nazari Daga Yusufari

Gabatarwa

Ɗaukar hoton biki sana'a ce mai yawan maimaici. Daga Nguru zuwa Gashuwa tsarin kusan ɗaya ne: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, kai amarya da buɗar kai. Wanda ya shekara goma yana bin wannan layi idonsa kan gaji, har hotunansa su koma tamkar an buga su da hatimi guda. A yau kuwa da kowane ɗan biki ke riƙe da wayar salula, mai hoton da ba shi da sabon abu kasuwarsa ta mutu. To, ina zai samo sabon ido?

Sanin Al'ada

Hanya ta farko ita ce sanin al'adar masu biki. A Yusufari akwai Mangawa da Fulani da Hausawa, a Gashuwa kuma ga Badawa. Wushe-wushen Barebari daban yake da kamun Hausawa. Wanda ya san ma'anar kowane mataki ya san inda zai tsaya tun kafin abin ya faru. Amarya tana cikin lulluɓi saboda kunya, amma lallen hannunta da hawayen gwaggonta lokacin nasiha sun isa labari. Ba ya buƙatar ya ce mata ta yi murmushin dole.

Sanin Wuri da Haske

Sau da yawa akan jingina ango da amarya da labule mai zanen benen Dubai, alhali tuddan yashi da dabinon Tulo-Tulowa suna cikin ƙaramar hukumar Yusufari, ga kuma fadamun Haɗeja da Nguru. Ranar tsaka takan sa inuwa a ƙarƙashin ido, amma hasken hantsi da na la'asar sakaliya suna fito da launin fata da na tufafi. Hazon hunturu ma yakan tausasa haske.

Malick Sidibé na Bamako bukukuwan unguwa ya riƙa ɗauka, har ya sami babbar lambar yabo a Venice a 2007. Mutanensa kawai ya ƙura wa ido.

Kammalawa

Ashe basira ba a sabuwar kyamara take ba, tana cikin tambaya da lura. Ɗalibin al'ada ma yana da rabo a nan, domin albam ɗin biki taska ce ta sutura da kitso da kayan ɗaki. Gani ya kori ji.