Gubar Rumbu Da Darajar Hatsi: Aikin Dokta Ranajit Bandyopadhyay

AZARE — Idan kaka ta yi, manoman Chinade da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Katagum sukan kai gero da dawa da gyaɗa da wake kasuwannin yankin, inda 'yan kasuwa ke saye su ɗure a buhuna zuwa Azare, daga can kuma wasu kayan su zarce kasuwar Dawanau da ke Kano. A wannan ciniki, abin da mai saye ke dubawa shi ne cikar mudu da hasken ƙwaya da rashin tsakuwa. Amma akwai wani aibi da ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ji, wanda shi ne ke hana amfanin gonarmu shiga manyan kasuwannin duniya. Wannan aibi shi ne gubar da masana ke kira afalatoksin. Ɗaya daga cikin mutanen da suka fi daɗewa suna yaƙi da ita a Nijeriya shi ne wani masanin cututtukan tsirrai ɗan ƙasar Indiya, Dokta Ranajit Bandyopadhyay.

Asalin gubar

Gubar tana fitowa ne daga wata irin funfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasar gona. Takan kama masara da gyaɗa tun suna gona, musamman idan ruwa ya ɗauke ana dab da girbi, shuka ta galabaita saboda zafi, ko kuma gara da tsutsa sun huda ƙwaya. Bayan girbi, idan an shanya kaya a kan turɓaya, ko an zuba su a rumbu da sauran laima a jikinsu, sai funfunar ta ci gaba da yaɗuwa. Gero da dawa ba su tsira ba, ko da yake masara da gyaɗa ne suka fi kamuwa.

Abin da ya sa lamarin ya yi muni shi ne dafuwa da suya ba sa kashe gubar. Tana bin gyaɗa zuwa cikin tunkuza da ƙuli-ƙuli, tana bin masara zuwa cikin tuwo da koko, idan kuma saniya ta ci dusar da ta gurɓata, wani ɓangare na gubar yakan fito a cikin madararta. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yakan ninka ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara a Jamhuriyar Benin da Togo ya nuna dangantaka tsakanin gubar da tsumburewar yara. A 2004 kuwa, mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Duniya ta san da wannan guba ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil ce sanadi. A wancan zamani Nijeriya na kan gaba wajen sayar da gyaɗa a ƙasashen waje, dalar gyaɗa kuma na tsaye a Kano. Don haka ba a ɓata lokaci ba masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, musamman Duncan McDonald da Colin Harkness, suka duƙufa a kan matsalar. Bincikensu na shekarun 1960 ya nuna cewa jinkirin cire gyaɗa, da fashewar kwanso, da rashin busarwa da wuri, su ne ke ƙara yawan gubar.

Daga baya fari na farkon shekarun 1970, da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, da karkatar hankalin gwamnati zuwa man fetur, suka rusa cinikin gyaɗa. Rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ya ba 'yan kasuwa 'yancin ciniki, amma ya raunana tsarin tantance ingancin kaya. A daidai lokacin ne kuma ƙasashen da ke saye suke ƙara tsaurara ƙa'idojinsu. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya a gyaɗar da mutum zai ci ba, wato giram 4 kacal a cikin buhu 10,000 masu cin kilo 100. Amurka ta tsaya a kan kashi 20. Wasu masana tattalin arziki na Bankin Duniya sun ƙiyasta a 2001 cewa ƙa'idar Turai za ta iya jawo wa ƙasashen Afirka asarar dala miliyan 670 a shekara.

Daga Haidarabad zuwa Ibadan

Dokta Bandyopadhyay ya shafe fiye da shekara 20 a cibiyar ICRISAT da ke kusa da birnin Haidarabad na Indiya, wadda ke bincike kan amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, irin su gero da dawa da gyaɗa. A can ya ƙware a kan cututtukan dawa, musamman funfunar da ke ɓata ƙwayar dawa idan ruwa ya same ta tana nuna. Lokacin da wata cutar dawa mai suna agot ta ɓulla a Brazil a 1995 ta kuma isa Amurka a 1997, yana cikin masanan da suka yi bayaninta ga duniya.

A 2002 ya koma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, wato IITA, da ke Ibadan. A nan ne ya haɗa kai da Dokta Peter Cotty na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda ya riga ya gano wata dabara a gonakin audugar Jihar Arizona. Dabarar ita ce, ba kowane nau'in Aspergillus flavus ne ke fitar da guba ba. Akwai masu guba, akwai marasa guba, kuma dukkansu abinci ɗaya suke nema a gona. Idan aka yawaita marasa guba tun da wuri, sai su mamaye wurin su hana masu guba sakat. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai masanan ba su ɗauko nau'in Amurka sun kawo Nijeriya ba. Sun bi gonakin ƙasar nan suna tattara samfurin masara da ƙasa, suka ware dubban nau'o'in funfunar, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan guda huɗu waɗanda ba sa iya fitar da guba, kuma sun saba da yanayin ƙasarmu. Dokta Joseph Atehnkeng, ɗan ƙasar Kamaru, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki mai cin lokaci. Sakamakon shi ne maganin da aka sa wa suna Aflasafe.

Yadda maganin yake

Aflasafe ƙwayar dawa ce da aka gasa don kada ta tsira, aka lulluɓe ta da irin funfunar mara guba, aka rina ta da shuɗin launi don kada a ɗauke ta abinci ce. Manomi yakan watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Da laima ta taɓa ƙwayar, sai funfunar ta tsiro a kanta, iska da ƙwari su yaɗa ta a gona. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye, kuma kariyar takan bi amfanin gona har cikin rumbu.

Hukumar NAFDAC ta ba maganin cikakkiyar rajista a 2014. An gina masana'antar sarrafa shi a harabar IITA da ke Ibadan, daga baya kuma aka ba kamfanin Harvestfield Industries izinin yin sa da sayar da shi a Nijeriya. An bi wannan hanya an samar da irinsa ga Kenya da Senegal da Gambiya da Ghana da wasu ƙasashe, kowace da nata nau'o'in funfunar na gida.

Matsalar kasuwa

A nan ne aikin masanin ya ci karo da abin da ya fi ƙarfin ɗakin bincike. Taki yana ƙara yawan buhuna, manomi yana ganin amfaninsa da idonsa. Aflasafe ba don ƙara yabanya aka yi shi ba, don tsabtace ta ne. Idan kuwa dillali zai sayi tsabtatacciyar masara da gurɓatacciya a kan farashi ɗaya, babu dalilin da zai sa manomi ya kashe kuɗinsa. Kasuwar da ba ta bambanta mai kyau da maras kyau, a ƙarshe maras kyau ne ke cika ta.

Don warware wannan ne aka gudanar da shirin AgResults a Nijeriya daga 2013 zuwa 2019, da tallafin wasu ƙasashen Yamma da Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Shirin bai raba maganin kyauta ba. Ya biya masu tara hatsi ladan dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da gwaji ya tabbatar an yi amfani da maganin a gonarta. Su kuma masu tara hatsin suka shiga neman manoma, suna ba su maganin da iri da taki, suna haɗa su da kamfanonin abinci da masu haɗa abincin kaji, waɗanda ke biyan ƙari a kan hatsi mai tsabta domin gubar tana kashe 'yan tsaki tana rage ƙwai.

Abin da ya shafi ƙasar Katagum

Ƙasar Katagum na cikin yankin da damina ba ta da tsawo, kuma ruwa yakan ɗauke gyaɗa ba ta gama ƙosawa ba, wanda shi ne yanayin da funfunar ta fi so. Saboda haka ɗan kasuwar da ke sayen gyaɗa a Chinade ko Azare da niyyar kai wa kamfanin mai ko mai fitar da kaya waje, jarinsa na cikin haɗari tun kafin kaya su bar gona.

Matakan kariya ba su fi ƙarfin kowa ba. A cire gyaɗa da zarar ta nuna. A shanya kaya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ba. A busar da masara har laimarta ta sauko zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuma zuwa kashi 7 ko 8. A tsince ƙwayoyin da suka ruɓe ko suka motse, kada kuma a mayar da su ƙuli-ƙuli ko abincin dabbobi. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Bauchi, wadda ke da ofishin shiyya a Azare, su ne mafi kusa da manomi wajen neman ƙarin bayani.

Masana sun yi nasu ɓangaren, tun daga Samaru a shekarun 1960 har zuwa Ibadan. Abin da ya rage yana hannun masu saye. Ranar da manyan dillalan Azare da Dawanau suka fara auna gubar kafin ciniki, suka kuma ware farashi na musamman ga buhun da ya tsallake gwaji, manomin Chinade zai sami dalilin sayen magani da tamfol, kayan yankin kuma za su sami shiga kasuwannin da ke biya da tsoka.