Jirgin Da Ya Ƙetare Teku Da Tururi

A zamanin da, wanda zai tafi Amurka daga Ingila sai ya shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska. In iska ta yi kyau, madalla. In kuwa ta kwanta, sai jirgi ya tsaya cik a tsakiyar teku, guzuri ya yi ta raguwa. Tafiyar takan ci wata guda, wani lokaci ma fiye.

A lokacin nan akwai jiragen tururi, amma yawancinsu a koguna da bakin gaɓa suke yawo. Ga yadda suke aiki. Akan hura wutar kwal a ƙarƙashin wata babbar tukunya mai ruwa. In ruwan ya tafasa, sai tururi ya bi ta bututu ya tura sandar inji. Duk wanda ya ga murfin tukunya yana rawa a kan murhu ya ga ƙarfin nan. Shi kuma injin ya juya waɗansu manyan ƙafafu biyu, ɗaya a kowane gefen jirgi, masu alluna da ke dukan ruwa.

To, wahalar ita ce kwal. Waɗansu masana suka ce ba jirgin da zai iya ɗaukar kwal ɗin da zai kai shi Amurka, sai wutarsa ta mutu a hanya.

Wani injiniya mai suna Isambard Kingdom Brunel, wanda ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Landan zuwa Bristol, bai yarda ba. Ya yi lissafi. A ɗauki akwati, a ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Fuskarsa ta gaba ta zama ninki huɗu, amma cikinsa ya zama ninki takwas. Haka jirgi yake. In aka ƙara masa girma, wurin zuba kwal yana ƙaruwa fiye da yadda ruwa ke ƙara tare shi. Watau ashe babban jirgi shi ne maganin abin.

Aka sassaƙa jirgin da katako a Bristol, aka sa masa suna Great Western. Ana sauran 'yan kwanaki ya tashi, gobara ta kama a ɗakin inji, Brunel kansa ya faɗo ya yi rauni. Fasinjoji suka tsorata suka fasa, sai mutum 7 kaɗai suka shiga. Ran 8 ga Afrilu, 1838, ya bar Bristol. Wani ƙaramin jirgi mai suna Sirius ya riga shi tashi da kwana 4, ya kuwa riga shi isa New York, amma da kyar, kwal ɗinsa ya kusa ƙarewa. Great Western ya iso ran 23 ga wata, kwana 15 ke nan, da sauran kwal wajen tan 200 a cikinsa. Gardama ta ƙare.

Brunel bai tsaya nan ba. A 1843 aka saukar da jirginsa na biyu a ruwa, Great Britain, mai tsawon ƙafa 322. Wannan da ƙarfe aka ƙera shi. Ƙarfe ya yi iyo? Ai ko kwanon sha in an aza shi a kan ruwa ba ya nutsewa, domin cikinsa iska ce. Maimakon ƙafafun gefe kuma aka sa masa farfela a baya, can ƙarƙashin ruwa. Dabara ce mai kyau, don in igiyar ruwa ta karkata jirgi, ƙafa ɗaya takan fita waje tana juyin banza, farfela kuwa tana cikin ruwa tana aikinta.

A 1846 jirgin ya kafe a gaɓar Ailan, ya yi kusan shekara a can bai wargaje ba. Daga baya ya yi shekaru yana kai mutane Ostareliya. Da ya tsufa aka yar da shi a tsibiran Falkland. A 1970 aka ɗauko shi aka komo da shi Bristol, aka ajiye shi a wurin da aka ƙera shi, mutane suna zuwa kallo.