Na'urar da ke Kwaikwayon Fanel: Yadda Ake Gane Kwantirolar Sola ta Bogi

A Soron Ɗinki, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, tela ko mai shagon cajin waya da ya gaji da jiran wutar KEDCO yakan tara kuɗi ya haɗa sola. Inda aka fi cutarsa shi ne wajen sayen kwantirola, wato akwatin da ke tsakanin fanel da batir. Da yawa an rubuta musu MPPT a jiki, alhali cikinsu PWM ne.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Fanel mai wat 300 ya fi ba da ƙarfi a wajen bolt 32 da amp 9. PWM haɗa shi kawai take yi da batir mai bolt 12, sai bolt ɗin ya sauko kusan 14, amp kuma bai ƙaru sosai ba. Wat 130 ke nan, sauran ya tafi a banza. MPPT ta gaske tana riƙe fanel a bolt 32, ta juya rarar ta zama amp, batir ya samu kusan 20.

To me zai hana a hau soro a gwada? Matsalar ita ce rana ba ta tsayawa wuri ɗaya. Lambar da ke bayan fanel an auna ta ne a hasken wat 1,000 kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25. Zafin bazara yana rage bolt, hazon hunturu yana rage amp. Kwantirolar da aka gwada da hantsi da wadda aka gwada da la'asar ba jarrabawa ɗaya suka rubuta ba.

Nan ne na'urar kwaikwayon fanel take shigowa. Wutar soket take sha, ta fitar da DC mai halin fanel. Na'urar ba da wuta ta teburin mai gyara riƙe bolt take yi daram, don haka MPPT ba ta da abin nema a jikinta. Fanel kuwa, ana ƙara jan amp bolt ɗinsa na sauka a hankali, daga nan ya faɗi gaba ɗaya. Wannan lanƙwasar ake kwaikwaya. Lambobi huɗu na bayan fanel ake shigar mata: Voc, Isc, Vmp da Imp. Sai a jona kwantirola a duba: idan bolt ya tsaya kusa da Vmp, ta gaske ce, idan ya faɗo daidai da na batir, an gano ta.

Masu iya rubuta manhaja za su fi jin daɗinta, domin ana sarrafa ta daga kwamfuta. Da 'yan layukan Python za a sa "hadari" ya rufe rana na daƙiƙa goma, a ga saurin farfaɗowar kwantirola, ko a ɗaga Voc kamar na sanyin asubar Janairu, lokacin da bolt ke hawa har ya iya ƙona wadda aka cika wa fanel.

Kamfanoni irin su Keysight da Chroma na ƙera ta, amma farashinta na dubban daloli ne, ta fi dacewa da jami'a ko babban dila. Mai gyara na unguwa zai iya sa resisto mai jure zafi tsakanin na'urar teburinsa da kwantirola. Lanƙwasar ba za ta yi daidai da ta fanel ba, amma ta isa tona asirin MPPT ta bogi kafin a ɗaura ta a shagon mutum.