Me Ya Sa Maharbi Ba Ya Son Bakansa Ya Yi Ƙara?

A wannan makon zan yi bayani a kan baka da kibiya, da yadda darasin sauti da muke yi a ajin kimiyya ya shafi sana'ar maharba.

Mu fara da bambanta farauta da harbi. 'Yan farauta suna fita da yawa, da karnuka da kiɗa da ihu, su tayar da nama. Shi kuwa maharbi shi kaɗai yake tafiya, yana sanɗa. Wani ma yakan ɗaura kan burtu a goshinsa ya duƙa, don dabba ta ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Duk wannan wahalar tana iya tashi a banza idan bakansa ya yi ɗan ƙara lokacin da ya zo harbi, domin gada da barewa da zomo suna da kunne ƙwarai.

Ga dalilin a lissafi. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Kibiyar bakan gargajiya kuwa tana yin wajen mita 50. Idan gada tana nesa da mita 20, ƙara zai isa kunnenta kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kibiya kuma sai ta ɗauki kusan rabin daƙiƙa. Wannan ɗan lokacin ya ishe ta ta zabura. Ko bakan zamani na Amurka mai ƙarfi, kibiyarsa ba ta kai rabin saurin sauti ba. Tun da ba a iya tsere wa sauti, dabarar da ta rage ita ce a rage shi.

Ina ƙaran yake fitowa? Wuri uku ne. Na farko, kibau suna bugun juna a cikin kwari idan ana tafiya. Na biyu, jikin kibiya yana gogar baka sa'ad da ake jan tsarkiya. Na uku, tsarkiya tana girgiza bayan an saki. Na biyun ya fi ɓata aiki, saboda yana faruwa tun kibiya ba ta tashi ba, sai ya zama an yi wa dabba gargaɗi.

Bakan Turawa yana da ɗan mazauni a tsakiya inda ake ɗora kibiya. Maharbansu sukan manna ƙyalle mai laushi ko fata mai gashi a wurin. Namu bakan ba shi da wannan mazaunin. Kibiya tana kwanciya ne a kan yatsan hannun da ya riƙe baka, gefenta yana taɓa icen. To, ice busasshe ne, kyauron da ake yin jikin kibiya da shi ma busasshe ne, kuma idan abu mai tauri ya gogi mai tauri dole a ji sauti. Wannan ita ce gogayya. Ku gwada da kanku: ku ja karan dawa a bakin tebur, sannan ku shimfiɗa hankici ku sake ja. Za ku ji bambanci.

Ga hanyoyin da ake bi a rage ƙaran:

1. A naɗe wurin da kibiya take taɓawa da siririyar fata jemammiya, kamar ta akuya.
2. A kankare gaɓoɓin kyauro da wuƙa har ya yi sumul, domin gaɓa ce take yin "ƙas" idan ta wuce.
3. A shafa ɗan kakin zuma a jikin kibiya don ta riƙa zamewa.
4. A riƙa goge ƙura, musamman da hunturu. Ƙura a kan fata tana yin kaushi kamar yashi.
5. A ja tsarkiya a hankali, ba da fizga ba.
6. A sa tsumma a gindin kwari don kawunan kibau su daina bugun juna.

Sai dai akwai abin lura. Idan fatar ta yi kauri, za ta tura kibiya gefe, a rasa saiti. Don haka duk wanda ya gyara bakansa sai ya sake gwaji a fili inda babu mutane ko dabbobi. Haka kuma kibiya mai ɗan nauyi ta fi rage kukan tsarkiya, domin tana ɗauke yawancin ƙarfin bakan. Kada a taɓa ja a saki babu kibiya, hakan yana iya tsinka tsarkiya ko ya karya baka.

Wani zai ce, to in dabba ta gudu ai ta tsira. Ba kullum ba ne. Sau da yawa zaburar da ta yi ita ce take sa kibiya ta same ta a cinya ko a ciki. Kibiyarmu tana da kunnuwa, ba ta fita da sauƙi. Sai dabbar ta shige daji da rauni ta mutu a wahale, maharbi bai samu ba, ita ma ba ta tsira ba. Ga shi kuma namun daji sun ragu, har ma akwai wuraren da aka keɓe don kare su, kamar dajin Kuyambana da ke kudu da mu wajen Ɗansadau.

A ƙarshe ina jan kunnen 'yan uwana. Mu a nan Magami mun san halin da dajinmu yake ciki na rashin tsaro, kada wani ya ɗauki baka ya nufi jeji. Kuma kada a taɓa kan kibiyar maharbi, domin wasu ana shafa musu dafin kwankwani, ƙwarzane kaɗan yana iya kisa. Mai son ƙarin sani ya je ya gaida wani dattijon maharbi a unguwarsu, ya roƙe shi ya nuna masa.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.